Gaba Ɗaya da Rabi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai nemi igiyar awo ba, ya zuba teku bai tambayi kowa zurfinta ba. Bayan haka, ni ne Anaruwa ɗan Mijinyawa, mutumin Kura ta marina, wanda kasuwa ta raɗa wa Dogon Kamu. Na hau ruwan da ido ba ya ganin gaɓarsa, na ji tsuntsu yana ƙidaya da muryar mutum, na kuma yi shekara ashirin da shida ina gadin wata ƙarya wadda ba daga bakina ta fito ba. Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku.

Allah ya ba ni hannaye masu tsawon da ya wuce misali. A kasuwarmu duk mai sayen turkuɗi ni yake ɗauka in auna masa, masu sayarwa kuwa da sun hango ni sai su haɗe rai kamar an aiko musu da mutuwa. A can na koyi zargi. Na gane cewa in mai awo yana yi maka murmushi, to ka dubi babban yatsansa, akwai abin da ya naɗe. Da 'yan kasuwa suka haɗe min kai har zama ya gagara, sai na bi fatake muka yi gabas, a shekara ta dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin da 'yan kai bayan Hijira. Na yi ta tafiya har ƙasa ta ƙare a wani gari na bakin teku mai suna Zaharun, guzurina ma ya ƙare tare da ita.

Wata safiya ina tsaye a bakin ruwa ina miƙa saboda yunwa, sai wani farin mutum mai furfura ya tsaya yana kallona. Ya sa aka kawo wata sanda mai zane-zane, ya ce in sake buɗe hannayena. Aka gwada. Daga kan yatsana na dama zuwa na hagu, wato gaba ɗaya, ya yi daidai da ma'aunin ƙasarsu, ba ragi ba ƙari. Wannan mutum shi ne Kyaftin Halgar, shugaban wani jirgin sojan ruwa na masarautar Nordal, can ƙasashen sanyi. Jirgin ba na yaƙi ba ne, ko da yake akwai igwa a cikinsa. Aikinsa ya bi gaɓar teku da tsibirai yana auna zurfin ruwa, ana zanawa a taswira, don jiragen da za su biyo baya su san inda za su bi. Mai jefa musu darma ya mutu da zazzaɓi, suna neman madadinsa.

Aikin ba wuya a faɗe. Dunƙulen darma ne a bakin doguwar igiya, an shafe gindinsa da kitse. Ka tsaya a goshin jirgi ka jefa, in ta taɓa ƙasa ka jawo kana ƙirga gaba nawa ta nutse, ka ɗaga murya ka faɗa, magatakarda ya rubuta. Kitsen kuma ya ɗebo abin da ke ƙasan ruwa, yashi ne ko laka ko dutse. Na ce wannan ai awon zane ne, illa dai zanen a jiƙe yake.

Ranar da na shiga, mataimakin kyaftin, wani mai ƙananan idanu da ake kira Laftana Dorik, ya ja ni gindin itacen da ake ɗaura filafilan jirgi, ya nuna min wata igiya mai zarge a sama.

Ya ce da guntun Larabcin da muke fahimtar juna da shi, "Ka ga wannan? Ta mai jefa darma ce. In ya faɗi lambar da ba ita ba, wuyansa ne zai biya. Ba a rataye magatakarda, ba a rataye kyaftin."

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Daga ranar ban sake wuce gindin itacen nan ban ɗaga kai ba.

Muka yi wata bakwai muna awo, har na iya ƙidaya da harshensu, na kuma fara tsintar magana. Kitsena ya ɗebo jan yashi mai ɗumi kamar an kwashe shi daga murhu. Ya ɗebo haƙorin wata dabba mai tsawon taƙi. Sannan muka iso Duwatsun Masu Amsawa, wata siririyar hanya tsakanin duwatsu inda hazon ruwa ba ya yayewa ko da rana tsaka. A nan wasu tsuntsaye masu launin toka-toka ke zaune. Sun daɗe suna jin masu darma na jiragen Nordal, har sun haddace lambobin. Da na jefa na ce bakwai, sai murya ashirin ta amsa daga cikin hazo, wannan ta ce goma, wannan ta ce uku, dukkansu da irin muryata. Matuƙin jirgi ya rikice, ya saki sitiyari yana ashar. Ta gefenmu kuwa ga haƙarƙarin jiragen da suka saurari tsuntsu, suna leƙowa daga ruwa.

Kyaftin ya sa aka tsai da jirgi. Ya zo ya tsuguna gabana kamar ɗalibi.

Ya ce, "Dogo, da harshen uwarka yaya ake cewa ɗaya?"

Na faɗa masa. Muka bi yatsu har goma, muka sake, muka sake. Huɗu ta ba shi wahala, har muka rabu hudu yake cewa. Da ya riƙe, sai na koma goshin jirgi ina kira da Hausa, shi kuma yana juya wa matuƙi da magatakarda da harshensu a hankali. Tsuntsaye suka yi tsit, suna karkata kai, ba su taɓa jin irin wannan ba. Kafin su kama bakin zaren mun fita. Ina jin wani a bayanmu yana gwada "shida, shida", amma ya makara.

Ma'aikatan jirgi suka ɗaga ni sama suna ihu. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma washegari, ga sararin ruwa ba tsuntsu ko ɗaya, kyaftin ya ce in ci gaba da kira da Hausa, wai harshen ya zo da sa'a. Dorik ya ɓata fuska. Ni kuma na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Yanzu duk lambar da za ta shiga takarda sai ta bi ta bakin mutum ɗaya, wuyan da zai biya kuwa nawa ne.

Na sa masa kunne sosai. Wata huɗu ina sauraron fassararsa, ban kama shi da kuskuren rabin gaba ba. Wannan bai kwantar min da hankali ba, don na san ɓarawon kirki ba ya fara sata ranar da aka ba shi ajiya.

Ana nan muka tsaya shan ruwa a tsibirin Kambal, wanda kyaftin da kansa ya auna shekara goma da suka wuce. Tsofaffin ma'aikata sun cika mu da labarinsa, wai itatuwa har bakin ruwa, mutane na tarbar baƙo da gasasshen kifi. Abin da muka tarar ganuwa ce ta dutse da bakunan igwa goma sha biyu. An sare itatuwan. Mutanen tsibirin na tafe a jere ɗauke da duwatsu a ka, wani soja na biye da su da bulala. Shugaban sansanin ya rungumi kyaftin, ya ce, "Da taswirarka muka shigo, ko ƙwarzane jirginmu bai yi ba." Kyaftin ya yi godiya. Da muka koma jirgi ya shige ɗakinsa, kwana biyu ana mai da abincinsa yadda aka kai.

Bayan wata guda muka hango Mawasa, tsibirin da ba ya cikin kowace taswira. Duwatsu sun kewaye shi, sai ƙofa guda, a cikinta kuma ga wani mashigi kwance lumui kamar ruwan randa. Aka bar babban jirgi a waje. Muka shiga ƙaramin kwalekwale, ni a goshi, kyaftin a bayana, masu tuƙi shida sun ba ni baya kamar yadda tuƙinsu yake, magatakarda can ƙarshe a ƙarƙashin rumfa, kansa a cikin littafi.

Na jefa a bakin ƙofa. Igiya ta yi ta tafiya. Na ce, "Tara!"

Kyaftin ya juya ya ce da harshensu, "Ɗaya da rabi."

Na ɗauka kunnena ne. Na sake jefawa, na sake cewa tara, ya sake cewa ɗaya da rabi. Babban jirgin yaƙi gaba biyar yake bukata, ɗaya da rabi kuwa ko jirginmu ba zai wuce ba. Haka muka ratsa mashigin nan, ina faɗin gaskiya da Hausa, ana rubuta ƙarya da harshen Nordal. A jifa na ƙarshe da na juyo gindin darma, sai ga lu'ulu'u kamar ƙwayar gujiya manne a kitse. Kafin in buɗe baki kyaftin ya cire shi ya jefa a aljihu. Na ce a raina, to, biri ya yi kama da mutum. Tsohon nan ɓoye wa sarkinsa tsibirin yake yi, ya dawo ya ci shi kaɗai.

Da muka sauka gaɓa na same shi a gefe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tara na ce."

Ya ce, "Na ji ka, Dogo."

"Ɗaya da rabi aka rubuta."

"Kunnena ya tsufa."

"In an gano fa? Wuyan wa za a nema?"

Ya dubi matan tsibirin da ke shanya kifi, sannan ya ce, "Shekara talatin ina awo, ba a taɓa sake auna inda na auna ba." Ya tafi ya bar ni da wannan, kamar amsa ce.

Dorik ba wawa ba ne. Ya ga launin ruwan daga saman jirgi, ya san ruwa mai duhu haka ba ya zama ɗaya da rabi. Ya nemi a sake awo, kyaftin ya ce iska za ta juya, ba lokaci. Sai Dorik ya bi masu tuƙi ɗaya bayan ɗaya, har wani ya ce masa kalmar da ya ji ina ta maimaitawa. Da hantsi ya tare ni a bayan gangunan ruwa.

Ya ce, "Mene ne tara?"

Da ya ƙasƙantar da kai ya koyi ƙidayarmu tun a Duwatsun Masu Amsawa, da tuni na zama nama. Amma yana ganin harshena bai kai ya shiga bakinsa ba. Na ɗauki igiya na shiga naɗe ta a hannu.

Na ce, "Wannan shi ne tara, ranka ya daɗe. Ka haɗa abu wuri ɗaya. In ruwa ba zurfi igiya takan yi saura, sai in ce wa kaina, tara ta."

Ya ce, "Na sha jin kalmar nan a ruwa mai zurfi."

Na ce, "Ko'ina ana tara igiya."

Ya ƙura min ƙananan idanun nan. Ya ce a Zaharun akwai fatake masu jin harshena, in mun koma zai sa a kira masa ɗaya. Ya dafa kafaɗata, ya shafa wuyana da babban yatsa, ya wuce.

Ban jira Zaharun ba. Da azahar aka tura mu ɗebo ruwa na ƙarshe, na sulale na shige ƙarƙashin wani kifaffen kwalekwale na masunta. Sai dai an sassaƙa shi don mutanen Mawasa ne, su kuwa gajeru ne, ƙafafuna suka rage a waje. Na ji takun masu nema. Na ji takalmin kyaftin ya tsaya daidai diddigena, har ya ɗan taɓa. Sai na ji ya ɗaga murya, "Ba ya nan. Ku koma jirgi, iska ba ta jira." Da na fito, filafilansu sun yi nisa, a kan kwalekwalen kuma ga darmata da igiyarta an ajiye.

Kuna iya cewa kyaftin ya cece ni. Ni a ranar cewa na yi ya sami abin da yake so. Duk ranar da asiri ya tonu, ga baƙin mutum da ya gudu, sai a ɗora masa.

Shugabar Mawasa wata dattijuwa ce, Iya Sirwa. Da na fara jin harshensu na kwashe labari duka na faɗa mata, har da na Kambal, har da na lu'ulu'u.

Ta ce, "Ɗan nan, mutumin me yake nema a wurinmu?"

Na ce, "Iya, wallahi ban sani ba."

Ta ce, "To tunda kai ka san kamanninsa, hau dutsen bakin ƙofa ka duba mana hanya."

Haka na zama mai gadi. Na yi aure a can, aka haifa min 'ya na sa mata Yalwa. Kowace safiya ina kan dutse ina jiran Halgar ya dawo da masu nutso da bindigogi. Jirage sun zo, har da masu hayaƙi da aka fara yi daga baya. Sai jirgi ya nufo ƙofa, in hango mutane sun sunkuya a kan takarda, sai ya juya ya yi gaba. Tun ina ƙirgawa har na bari. Mutanen Mawasa suka ci gaba da shanya kifinsu, yaran da aka haifa ba su san ƙarar igwa ba. Halgar bai zo ba. Na ce yana tara dukiyar sayen jirgi ne. Da shekara goma ta wuce na ce yana jiran sarkinsu ya mutu ne. Zuciya in ta saba da zargi ba ta rasa abin ci.

A shekara ta ashirin da uku aka yi wata guguwa da rana tsaka, irin wadda tsofaffi ba su taɓa gani ba. Sai ga jirgin fasinja, itacen filafilansa ɗaya ya karye, iska na tura shi kan duwatsu. Ƙofar mashigi na gabansa a buɗe, nisan jifa uku kawai, amma yana ta kokawar kauce mata. Na san dalili. Iska na kawo min kukan mata.

Iya Sirwa ta tsufa tukuf, ta makance, amma ta sa aka kawo ta bakin ruwa. Ta ji ina jan kwalekwale.

Ta ce, "Anaruwa, kada ka je. In ka shigo da su, ka shigo da bakunansu."

Na ce, "Iya, akwai jarirai a ciki."

Ta ce, "A nan ma akwai."

Na tura kwalekwale na tafi. Da ƙyar aka jawo ni cikin jirgin da igiya. Mai jirgin, wani ƙaƙƙarfa mai suna Kassabu, ya buga min takarda a ƙirji yana ihu, "Ɗaya da rabi! Taswirar Halgar ce, ba ta ƙarya!"

Na ce, "Ni na jefa darmar. Tara ne. Juya kan jirginka."

Ya dubi duwatsu, ya dube ni, ya juya. Muka shige lafiya, mutum sittin da ɗaya, ba wanda ya rasa ransa.

Da ruwa ya kwanta na tambaye shi labarin kyaftin. Ya ce ai ya rasu shekara takwas ke nan. Tun da ya koma daga wannan tafiya bai sake hawa ruwa ba, an ba shi babban muƙami ya ƙi, ya ƙare a wani ɗan gida yana noman kabeji. Taswirorinsa kuwa duk mai jirgi rantsuwa yake yi da su, don ba a taɓa samun kuskure a ciki ba. Na koma bayan dutse na yi kuka, kukan kunya. Duk da haka wani ɓangare na zuciyata yana cewa wataƙila ciwo ne ya hana shi dawowa.

Kassabu ya rantse ba zai faɗa ba, na kuma yarda da shi. Amma ba shi kaɗai ya shigo ba. Akwai mutum sittin da za su koma gida su ba da labarin yadda Allah ya cece su, kuma ba mai laifi a cikinsu. Iya Sirwa ba ta sake yi min magana ba har ta rasu.

Shekara uku bayan haka, wata safiya mai haske, ina kan dutse tare da Yalwa, ta kawo min abin kari, goye da ɗanta. Sai ga jirgi mai tutar Nordal ya tsaya a waje. Aka sauke kwalekwale, masu tuƙi shida, mutum ɗaya tsaye a goshi. Na ga ya lilo darma ya jefa. Jifa mai kyau, ba abin da zan gyara masa. Muryarsa ta ratso ruwa da harshensu, ba mai fassara a tsakani.

Yalwa ta ce, "Baba, me yake cewa?"

Na ce, "Gaskiya yake faɗa."

Ba wanda ya nemi wuyana. Ba wanda ma ya tuna an taɓa yin wani Dogo, sai layi guda da aka ce an rubuta, wai kuskuren na wani baƙin mai darma ne da ya gudu. Kafin damina biyu an sare itatuwan bakin ruwa, ganuwa ta tashi, mijin Yalwa yana cikin masu ɗaukar dutse. Da aka gama, aka tara mu a rana, aka buga igwa goma sha biyu, wani hafsa ya yaye ƙyalle daga kan allo. Don girmama mutumin da ya fara buɗe musu hanyar wannan tsibiri, sun sa wa sansanin suna Tashar Halgar.

Nan hikayata ta tsaya. Wanda ya ji ya yi wa mamacin addu'a in ya ga dama, ni dai na yi.